Ganin ƙirsh a Bangala ba ya nufin an halatta kama shi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu fita kamun kifi ran Juma'a a Jidda sun ɗauka haramcin kama kifin shak, wanda Larabawa ke kira ƙirsh, ya shafi manyan jiragen 'yan kasuwa ne kawai. Hujjarsu ita ce ana ganinsa shimfiɗe a Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda. Wannan kuskure ne. Tun 2008 Saudiyya ta hana kamun ƙirsh a ruwanta, kuma hanin bai ware mai ƙugiya ɗaya da ya fito shan iska ba. Jami'an tsaron gaɓar teku na iya duba kwale-kwalenka, ƙaramin ƙirsh a cikin ƙanƙara kuwa ya isa ya jawo maka tara.

Dalilin hanin a fili yake. Yawancin nau'o'in ƙirsh sukan ɗauki shekaru kafin su balaga, sannan 'ya'yan da suke haifa kaɗan ne.

Idan ya ci ƙugiyarka, kada ka ɗago shi cikin jirgi. Jikinsa guringuntsi ne, ba shi da haƙarƙari, nauyinsa a wajen ruwa na danne kayan cikinsa. Ka jawo shi gefe da sauri, ka yanke zaren dab da ƙugiya, hannunka nesa da bakinsa. Doguwar kokawa na kashe nau'in ƙirsh mai kan guduma ko da an sake shi. Ƙugiya mai lanƙwasa zagaye ta fi, don a gefen baki take maƙalewa, kuma wadda ke tsatsa ta fi saurin faɗuwa.