Bambancin fushi da cutarwa a ilimin tarbiyyar zuciya

Fushi, ko hushi a bakin mutanen Maraɗi, hali ne da ke tasowa a zuciya idan mutum ya ga an taɓa masa haƙƙi ko mutunci. Cutarwa kuwa aiki ce: duka, zagi, barazana, fasa kaya, ko hana wa wani abin da yake nasa. Malaman tarbiyya sun raba su, domin fushi zuwa yake ba da sallama ba, amma kai hannu zaɓi ne, kuma a kan zaɓi ake hisabi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya siffanta fushi da tafasar jinin zuciya don neman ramuwa, ya kasa shi uku. Akwai ƙarancinsa, inda mutum ba ya kishin kansa ko iyalinsa, kuma wannan ma aibi ne. Akwai wuce iyaka, inda fushi ke ƙwace linzami daga hankali da addini. Sai tsakatsaki, wanda ke tashi inda ya dace, ya kwanta in an ce ya kwanta. Suratu Ali Imrana, aya ta 134, ta yabi masu haɗiye fushi, abin da ke nuna suna jin sa.

Likitoci sun bayyana abin da ke faruwa a jiki. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda suna sakin sinadarin adirinalin, zuciya ta dinga bugu da sauri, numfashi ya gajarta, jijiyoyin wuya su miƙe. Ɗan kabu-kabun da aka goge wa babur a bakin babbar kasuwa zai ji duk wannan kafin ya furta kalma ɗaya. Har nan babu laifi a kansa. Laifin yana farawa sa'ad da ya cakumi wuyan rigar ɗan'uwansa.

Matakan da hadisai suka kawo duk suna faɗaɗa tazarar da ke tsakanin ji da aikatawa ne: neman tsarin Allah daga Shaiɗan, yin shiru, wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Hikimar a fili take, mazauni ba ya saurin kai mari. An kuma hana alƙali hukunci yana cikin fushi, kuma uba ko malamin allo mai bulala a hannu ya fi kowa bukatar wannan ƙa'ida.

Inda aka fi kuskure shi ne ɗaukar danne fushi a matsayin haƙuri. Fushin da aka binne ba a warware dalilinsa ba yakan rikiɗe ya zama ƙullaci, daga nan sai gaba, hassada da murnar faɗuwar wani. Shi ya sa aka hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3. Maganinsa a faɗi ƙorafin bayan an huce, ko a sa dattijo a tsakani.

Akwai kuma cutarwar da babu fushi a cikinta ko kaɗan, wadda ake shiryawa da sanyin rai. Mijin da ke dukan matarsa ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, alhali bai taɓa ɗaga wa ubangidansa murya ba, ya nuna yana iya riƙe kansa, zaɓen mai rauni kawai yake yi. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.