Yaya sararin samaniya ya faro? Amsoshi ga ɗaliban Nima da Mamobi

Da gaske wani abu ne ya fashe kamar bam?

A'a, sunan "Babbar Fashewa" (Big Bang) da ake kiran ra'ayin masana kan farkon sararin samaniya shi ne ke ruɗa mutane. Fred Hoyle ne ya raɗa shi a gidan rediyon BBC a 1949, alhali shi kansa bai yarda da ra'ayin ba. Bam yana fashewa ne a cikin fili, amma a nan filin ne da kansa yake buɗewa. Ku dubi kwaɓin pinkaso da aka sa wa yis: yana kumbura, kowane yankan albasa na ƙara nisa da ɗan'uwansa, ba tare da ya motsa da kansa ba. Haka tarin taurari suke nisantar juna. Shi ya sa babu wurin da za a nuna a ce nan ne tsakiya.

Yaushe aka fara?

Kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce. Ranarmu ƙaramar yarinya ce, shekarunta biliyan 4.6.

Wace hujja ake da ita?

Hujja uku ce. Ta farko, Georges Lemaitre, limamin coci ɗan Beljiyam, ya lissafa buɗewar sararin a 1927. A 1929 Edwin Hubble ya auna hasken tarin taurari, ya ga yana karkata zuwa ja, kuma mafi nisa ya fi saurin gudu.

Ta biyu ta fi ƙarfi. Da farko zafi ya hana haske ratsawa, kamar fitilar mota a cikin hazo mai kauri. Sai bayan shekaru 380,000 wuri ya huce zuwa kusan digiri 3,000, ƙwayoyin zarra suka haɗu, haske ya samu hanya. Wannan hasken yana nan har yau, ya yi sanyi ya koma kusan digiri 270 ƙasa da sifiri. Arno Penzias da Robert Wilson sun ci karo da shi a 1964 a Amurka. Da suka ji wani shuuu a eriyarsu, sai suka zargi kashin tattabaru, suka share tas, ƙarar ba ta daina ba, ko ta wace fuska suka juya. Sun samu kyautar Nobel a 1978.

Ta uku, lissafi ya nuna cewa a mintunan farko an samu haidirojin kusan kashi 75 cikin 100, hiliyam kusan 25. Awo ya dace da haka.

Ina lissafin yake tangarɗa?

Sinadarin litiyam da ake gani a tsofaffin taurari bai wuce kusan sulusin abin da aka yi hasashe ba. Saurin buɗewar ma akwai saɓani: awon tsohon haske ya ba da kusan 67, awon taurarin kusa ya ba da kusan 73, a ma'auni ɗaya. Sannan idan aka matsa zuwa ainihin farkon lokaci, lissafin Einstein ya daina aiki, don haka ra'ayin yana bayanin abin da ya biyo baya ne kawai.

Daga Accra za a iya shiga wannan fanni?

Ƙwarai. A Kuntunse, kusa da Accra, akwai faranti mai faɗin mita 32, tsohon na sadarwa, da aka mayar na'urar sauraron taurari, aka ƙaddamar a 2017. Mai sha'awa ya riƙe lissafi da fiziks tun daga sakandare, sannan ya nemi Jami'ar Ghana da ke Legon ko jami'ar KNUST da ke Kumasi.