Yara 12, minti 3 da kan dutse mai magana: tambayoyi kan zangon farko na Legends of the Hidden Temple

Guntayen bidiyon wannan tsohon shirin sun dawo suna yawo a YouTube da TikTok, yawanci na yaron da ya tsaya yana ta juya gunkin biri lokaci na ƙarewa, to shi ne mutane suke ta tambaya wai wane irin wasa ne wannan, me ya sa yaran suke kamar ba su da wayo. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wai shi wane shiri ne, kuma yaushe aka yi shi?

Shirin gasa ne na yara a tashar Nickelodeon ta Amurka, sunan kuwa in za a faɗe shi da Hausa kamar a ce tatsuniyoyin ɓoyayyen haikali. An fara haska shi ran 11 ga Satumba 1993, ya yi zango 3 ya tsaya a 1995, kowane zango kashi 40, jimla 120 kenan. A Orlando ta jihar Florida aka ɗauke shi, cikin sutudiyon Nickelodeon a harabar Universal, sutudiyon ma an rufe shi tun 2005. Mutum uku ne suka ƙirƙiro shi, David Stanley da Scott Stone da Stephen Brown. Mai gabatarwa kuma Kirk Fogg, shi ne wannan mai gajeren wando da kake gani yana ta ihu yana ba yara ƙwarin gwiwa daga waje.

Wannan ƙaton kan dutsen mai jajayen idanu fa?

Sunansa Olmec, kuma gaskiya shi ne tauraron shirin, Kirk ɗan rakiya ne kawai. Ba dutse ba ne na gaske, ƙira ce ta sutudiyo, Dee Bradley Baker ne yake masa murya, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yi wa katun murya a Amurka. Shi Olmec ɗin shi ke ba da labarin ranar, shi ke yin tambayoyi, shi ke faɗa wa yara hanyoyin da za su bi a cikin haikalin.

Sunan ba daga iska aka ɗauko shi ba. Olmec wata tsohuwar al'umma ce da ta zauna a gaɓar tekun Meziko, yankin Veracruz da Tabasco na yanzu, wajen shekara 1200 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da aka fi sanin su da shi shi ne manya-manyan kawunan mutane da suka sassaƙa da dutse, 17 aka gano zuwa yanzu. Sai dai fa masu shirin ba su damu da bin tarihi sau da ƙafa ba, sun ɗauko suna daga nan, ado daga tsohuwar al'ummar Maya, wani abu daga ta Aztek, suka dama su wuri ɗaya.

Ya ake yin gasar?

Ana farawa da ƙungiya 6, kowacce mutum biyu, namiji da mace, 'yan shekara 11 zuwa 14. Kowace ƙungiya da launin rigarta da dabbarta: jan jagwa (wata dabba ce kamar damisa), shuɗin kifin barakuda, koren biri, igwana mai ruwan lemo, aku mai launin shunayya, sai macijin azurfa. Har yau manyan mutane a Amurka suna sayen rigunan nan suna sawa, kowa da ƙungiyar da yake goyon baya tun yana yaro.

Matakin farko ruwa ne. Akwai wani dogon kwarmi da aka cika da ruwa a gaban haikalin, dole ka tsallaka, wata rana da igiya, wata rana a kan wani ɗan katako mai iyo, kullum da salon da za a zo da shi, in ka faɗa ruwa ka koma ka sake. Ƙungiya 4 da suka riga tsallakawa suka buga ƙararrawa su ne suka wuce, sauran biyun kuwa shi kenan, ko minti biyar ba a yi da fara shiri ba an sallame su da 'yar kyautar rarrashi, jiƙe sharkaf.

Na biyu shi ne matakalar ilimi. Olmec zai ba da labarin wani abu mai daraja da ya ɓata, sai ya yi tambayoyi a kan abin da ya faɗa yanzun nan, kowace tambaya da zaɓi uku. Wanda ya sani sai ya taka wata alama a gabansa, in ya ci su sauko mataki ɗaya, ƙungiya biyu da suka fara cin tambaya 3 su suka tsira. Nan ba ƙarfi ba ne, kunne ne, kuma nan ne za ka ga masu zafin nama da suka yi fintinkau a ruwa sun tsaya sororo don ba su saurara ba.

Na uku wasanni 3 ne na motsa jiki tsakanin ƙungiya biyun da suka rage, kuma abin da ake nema shi ne wata lamba mai zagaye kamar lambar yabo, da suke kira lambar rai. Wasan farko da na biyu rabin lamba kowanne, na uku cikakkiya. Wanda ya fi tarawa shi zai shiga haikali, in an yi kunnen doki a raba gardama da tambaya ɗaya.

To a cikin haikalin me ke faruwa?

Nan ne magana take. Haikalin gini ne mai hawa biyu da ɗakuna wajen 12, an bar gabansa a buɗe don kyamara ta gani, an ajiye abin da ake nema a ɗaki ɗaya. Minti 3 kacal aka ba su su shiga su ɗauko su fito. Mutum ɗaya ke fara shiga, kowane ɗaki da aikin da za ka yi kafin ƙofa ta buɗe, wani ka danna wani abu, wani ka haɗa wani abu, wani ka hau ko ka rarrafa, kuma ba kowace ƙofa ce take buɗewa ba ko ka yi aikin daidai, wasu an kulle su da gangan a ranar, sai ka juya ka nemi wata hanya agogo na tafiya.

Sannan ga dogarai. Mutum 3 ne manya sanye da abin rufe fuska da gashin tsuntsu, an ɓoye su a ɗaki uku da yaran ba su sani ba, kana shiga sai kawai su yi wuf su cafke ka. In kana da cikakkiyar lambar rai sai ka miƙa ka ci gaba, in babu sai a fitar da kai, abokin tafiyarka ya shigo ya bi ƙofofin da ka riga ka buɗe. In shi ma aka kama shi ba lamba, wasa ya ƙare ko da saura lokaci.

Ku lura da lissafin nan don yana da daɗi. Ƙungiyar da ta zo da lamba 2 cikakku dogarai ba za su iya kore ta gaba ɗaya ba: na farko ya biya dogari na ɗaya, dogari na biyu ya fitar da shi, na biyun ya biya dogari na uku, an gama da su, abokin gabarsu agogo ne kawai. Mai ɗaya da rabi kuwa an ɓoye masa ɗayan rabin a wani ɗaki, sai ya tsinta a hanya in yana da ido. Mai lamba ɗaya tak sai addu'a kada hanyarsa ta bi ta kan dukan dogarai ukun. Da zarar hannunka ya taɓa abin da ake nema, duk ƙofofi sun buɗe, dogarai sun ɓace, sai gudu.

Nawa ne suka ci?

A duk kashi 120 ɗin, sau 32 kawai aka fito da abin kafin lokaci ya cika, wato ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya. Kyautar hawa uku ce, akwai ta shiga haikali kawai, akwai ta taɓa abin, sai babbar wadda yawanci tafiya ce ta hutu, cikinsu har da zuwa sansanin koyar da yara harkar sararin samaniya. Ni a ganina wahalar nan ita ce ta riƙe shirin. Da kowa na ci da ba wanda zai tuna da shi bayan shekara 30.

Gaskiya yaran nan ba su da wayo ne? Ya za a yi mutum ya kasa haɗa biri mai gida uku?

Haba, a yi musu adalci mana. Wannan ɗakin birin azurfa shi ne ya fi kowane ɗaki suna, gunkin biri ne aka raba shi uku, ƙasa da gangar jiki da kai, an warwatsa su a ɗakin, ka tattaro ka jera ka danna kan ya zauna sai ƙofa ta buɗe. Daga kan kujera abin kamar wasa. Amma kai da kake kallo kana ganin birin ta gaba, kana ganin haikalin gaba ɗaya kamar an yanka maka shi biyu, ka san ina ƙofa take ka san ina abin yake, shi kuwa yaron ɗaki ɗaya yake gani, yana tsaye a bayan gunkin da dole fuskarsa ta kalli kyamara, ga gangar jikin da ba a saurin gane samanta da ƙasanta, ga hular kwano a kansa ga robar kare haƙori a baki, ga kiɗa ga hayaƙi ga ihun 'yan kallo, kuma wataƙila sakan 20 da suka wuce wani ƙato ya fito daga bango ya rungume shi.  Babba ma in aka sa shi a wannan halin hannunsa zai yi rawa.

Ƙari a kan haka ba a ɗaukar shirin yadda kake ganin sa cikin rabin awa. Kashi da yawa ake ɗauka a rana ɗaya, a yi duk na ruwa a jere, sannan duk na tambayoyi, haka haka, shiga haikali sai can ƙarshe. Yaron da kake gani yana haki ya wuni yana jira kafin a zo kansa.

Labaran da Olmec ke bayarwa gaskiya ne?

Rabi da rabi. Mutanen yawanci na gaske ne, kayan da ake nema kuwa mafi yawa ƙirƙira ce. A zangon farko an nemi taswirar dukiyar ɗan fashin teku Blackbeard, an nemi hular yaƙin Genghis Khan, tauraron Sultan Salahuddin, abin rufe fuskar Shaka sarkin Zulu, da ƙwallon igwa na masanin kimiyya Galileo. Na Galileo ɗin ma abin dariya ne, don shi kansa labarin cewa ya hau hasumiyar Pisa ya sako ƙwallaye biyu don gwada wanda zai riga faɗuwa, masana tarihi da yawa suna shakkar ya faru, to tatsuniya ce aka ɗora a kan tatsuniya.

Shawarata ga iyayen da za su kunna wa yara: ku bar su su ji sunayen, yana da amfani yaro ya fara jin Salahuddin ko Shaka ya tambaya su wane ne, amma kada ya tafi makaranta da labarin Olmec a matsayin tarihi, malami zai ja masa jan biro.

Me ya bambanta zangon farko da sauran?

Ɗanyen aiki, kuma ba da mugun nufi na faɗa ba. Ana gani kowa koyo yake, har masu shirin, shi ya sa tsarin ɗakunan haikalin ya yi ta canzawa a cikin zangon, yau ka ga ɗaki gobe an sauya shi da wani. Su kuma yaran farko ba su taɓa ganin shirin a talabijin ba ballantana su haddace hanya, ba kamar na baya ba da suka zo sun riga sun san birin sun san dogarai na nan. Tsoron da kake gani a fuskarsu ba na wasan kwaikwayo ba ne. Zango na biyu da na uku sun fi tsari da kyan gani, ba musu, amma in dai firgici na gaske kake so to na farkon ne. Birin azurfa dai bai motsa ba, yana nan tun daga farko har ƙarshe yana wahalar da 'ya'yan mutane.

Ba ya tsorata ƙananan yara?

Dogaran suna iya tsorata ɗan shekara 4 ko 5, musamman yadda suke fitowa ba zato. Ban da wannan ba jini ba duka ba zagi. Zauna da shi a kashi ɗaya ka ga yadda zai yi.

An sake dawo da shi?

An yi ta maimaita tsofaffin a tashar Nick GAS daga 1999 har 2007, nan ne ma da yawa suka san shi. A 2016 Nickelodeon ta yi fim na talabijin a kansa, Kirk Fogg da Baker duk sun fito. Sai a Oktoban 2021 tashar CW ta dawo da gasar da Cristela Alonzo a matsayin mai gabatarwa, Baker ya sake yin muryar Olmec, amma wannan karon manya ne ke wasan, ƙungiya 4, an fitar da shi fili aka ƙara tsawonsa zuwa awa ɗaya. Zango ɗaya ya yi aka soke shi. Ni dai ban yi mamaki ba, ƙaton mutum mai gemu da ya haddace shirin tun yana yaro in dogari ya cafke shi dariya yake yi.