Waiwaye: Katin inshorar talaka da nas mai bibiya a Zamfara

Tsarin damƙa wa nas guda ɗawainiyar majinyaci ya yi ƙarfi ne a Amurka bayan 1983, lokacin da gwamnati ta koma biyan asibitoci ƙayyadadden kuɗi bisa nau'in cuta. Asibitoci suka shiga sallamar mutane da wuri, dole aka nemi mai bin su har gida. Daga baya tsarin ya kai ga talakawan da ke ƙarƙashin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma ya fi amfani ga masu cuta mai jan lokaci, musamman idan nas na ganinsu ido da ido.

A Nijeriya kuɗin aka fara nema. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko (BHCPF) da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka sa masa kuɗi. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. A Zamfara hukumar inshorar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, ke yi musu rajista. Sai dai kati kuɗin magani yake biya, ba ya zuwa neman wanda ya daina zuwa asibiti.

Jihar ta ga amfanin bibiya a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Maganin na buƙatar a maimaita shi, ana sake gwada jini, don haka sai da aka riƙa bin yara ƙauye-ƙauye. Haka tarin tibi: wata 6 ake shan magani, wata 2 na farko haɗin magunguna 4, sauran wata 4 haɗin 2. Da tari ya lafa wasu ke ajiyewa, daga nan cutar ke koyon bijire wa magani.

Aikin nas a nan a fili yake. Ta auna hawan jini da suga ran rajista, ta rubuta ranar dawowa da lambar wani ɗan uwa, domin waya ɗaya ce a gidaje da yawa, tana hannun maigida. Duk mako ta duba littafi, wanda bai zo ba ta kira, ko ta tura jami'in unguwa. In ta tura mai ciki babban asibiti a Gusau, ta tabbatar ta isa, ta karɓi takardar sakamako.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ƙananan asibitoci da yawa ba su da nas ko ɗaya, shi ya sa manufar raba aiki ta 2014 ta sakar wa jami'an lafiyar al'umma wasu ayyukan. Magani kan yanke, mai hawan jini ya yi zuwa biyu a banza ya haƙura. 'Yan bindiga kuma sun tarwatsa ƙauyuka, katin mutum na asibitin mazaɓarsu, shi yana gudun hijira a wani gari. Sannan ba kasafai ake ware kuɗin kiran waya da man babur ba, alhali da su ake bibiyar.