Gabriela Sabatini: 'Yar Ajantinar da ta fi kowa doke Steffi Graf

Idan aka ambaci Ajantina a majalisar masu son wasanni, sunan Maradona da Messi ne ke fara zuwa baki. Amma a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ƙasar na da wata tauraruwa da duniya ta sani ba ta hanyar ƙwallon ƙafa ba. Ita ce Gabriela Sabatini, 'yar wasan tenis. Ga wasu tambayoyi da aka saba yi game da ita, da amsoshinsu.

Wace ce ita, kuma daga ina ta taso?

An haife ta a birnin Buenos Aires ranar 16 ga Mayu, 1970. Tana da shekara 6 ta fara riƙe raket, tana bin sahun yayanta, kuma tana da shekara 8 ta ci gasarta ta farko. Lokacin ya yi mata daidai, domin a shekarun ne Guillermo Vilas ya sa tenis ya shiga zukatan 'yan Ajantina, musamman bayan ya lashe gasar Faransa da ta Amurka a 1977.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 1983, tana da shekara 13, ta ci Orange Bowl a Miami, babbar gasar matasa. A 1984 ta lashe gasar 'yan mata ta French Open, wato babbar gasar Faransa da ake yi a Paris, ta kuma ƙare shekarar tana ta ɗaya a duniya cikin matasa. Shekara guda bayan haka, tana da shekara 15 da 'yan makonni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na manya a Paris, inda Chris Evert ta tsayar da ita. A wannan shekarar ta 1985 ta ɗauki kofinta na farko na ƙwararru a Tokyo.

Me ta ci gaba ɗaya?

Kofuna 27 a wasan ɗaiɗai, 14 a wasan 'yan bibbiyu. Babban cikinsu shi ne US Open na 1990, wato babbar gasar Amurka da ake yi a New York. Sau biyu ta lashe gasar rufe shekara ta New York, wadda manyan 'yan wasa kaɗai ke shiga, a 1988 da 1994. Ta ci gasar Italiya a birnin Rum har sau huɗu: 1988, 1989, 1991 da 1992, kuma mutanen birnin sun ɗauke ta tamkar tasu, ganin cewa asalin danginta Italiya ne. Tana da lambar azurfa ta Olamfik daga Seoul a 1988, inda ita ce ta riƙe tutar Ajantina a bikin buɗewa. Matsayi mafi girma da ta taka a jadawalin duniya shi ne na uku, a 1989.

To me ya sa wasu ke cewa ba ta cika alkawarin baiwarta ba?

Saboda babban kofi ɗaya tak gare ta a wasan ɗaiɗai cikin manyan gasa huɗu na duniya, wato na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Masu wannan magana suna nuna cewa sau 18 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a waɗannan gasa, amma sau uku kawai ta wuce zuwa na ƙarshe.

A ganina wannan hukunci bai yi mata adalci ba, kuma dalilina shi ne zamanin da ta faɗo ciki. Da ta shigo, Martina Navratilova da Chris Evert ba su sauka ba tukuna. Tsararta kuwa Steffi Graf ce ta Jamus, wadda ta tara manyan kofuna 22. Kafin ta gama da Graf sai ga Monica Seles ta ɓullo tana cinye kusan komai daga 1991 zuwa farkon 1993. Duk wanda ke ƙirga kofunan Sabatini ya kamata ya fara duba su waye ke tsaye a bakin ƙofa duk lokacin da ta iso.

Yaya karawarta da Graf ta kasance?

Nan ne zuciyar labarin. Sun haɗu sau 40, Graf ta ci 29, Sabatini ta ci 11. Adadin zai iya yi wa mai karatu kama da rinjaye mai nisa, amma babu wata 'yar wasa a tarihi da ta doke Graf sau da yawa kamar haka.

A duba 1988, shekarar da Graf ta haɗa manyan kofuna huɗu da zinaren Olamfik, abin da ba a taɓa yi ba kafin ita. Sau uku kacal aka doke ta a duk tsawon shekarar, kuma biyu daga ciki Sabatini ce, a Boca Raton da Amelia Island. A wasan ƙarshe na US Open na shekarar, Sabatini ta ƙwace turmi na biyu (wasan tenis kashi-kashi ake buga shi, kowane kashi shi ne turmi) kafin ta faɗi da ci 6-3, 3-6, 6-1. Bayan 'yan makonni suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Seoul, Graf ta sake yin nasara.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a daidai wannan lokaci su biyun abokan tafiya ne a wasan 'yan bibbiyu. Tare suka ɗaga kofin Wimbledon na 1988, bayan sun doke Larisa Savchenko da Natasha Zvereva a wasan da turminsa na ƙarshe ya kai 12-10. Yau kuna gefe ɗaya na raga kuna rufa wa juna baya, gobe kowa na neman kayar da ɗan'uwansa.

Ta yaya ta iya cin US Open a 1990?

Ta sauya salon wasanta ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta riga ta yi suna da salo guda. Da can Sabatini 'yar layin baya ce. Takan tsaya nesa da raga tana aika ƙwallo a murɗe, ƙwallon ta daki ƙasa ta yi tsalle sama har kafaɗar abokiyar karawa. Bugunta na bayan hannu, da hannu ɗaya take yinsa, yana cikin mafi kyawun gani a zamaninta. Wannan salo na ci a filin jar ƙasa, amma yana cinye ƙarfi, kuma a gaban mai sauri irin Graf sau da yawa sai ta gaji a turmi na uku.

A tsakiyar 1990 ta ɗauki sabon koci, Carlos Kirmayr ɗan Brazil, ta kuma yi aiki da masanin halayyar 'yan wasa Jim Loehr. Kirmayr ya matsa mata ta riƙa kutsawa gaban raga tana tare ƙwallo tun kafin ta sauka, maimakon jiran abokiyar karawa ta yi kuskure. A New York ta fitar da Mary Joe Fernandez a wasan kusa da na ƙarshe mai turmi uku, sannan a wasan ƙarshe ta dinga afka wa Graf a gaban raga har ta doke ta 6-2, 7-6. Ita ce mace ta farko daga Ajantina da ta ci babban kofi a wasan ɗaiɗai, kuma har yau ba a samu ta biyu ba.

Daga ƙarshen 1990 zuwa bazarar 1991 ta doke Graf sau biyar a jere. Ko a gasar rufe shekara ta 1990 sai da ta kai wasan ƙarshe, inda ita da Seles suka yi turmi biyar cur, abin da mata suka yi kusan shekara 90 ba su buga ba, Seles ta tsira da ƙyar.

Wane wasa ne ya fi yi mata ciwo?

Biyu ne ake yawan tunawa. Na farko wasan ƙarshe na Wimbledon a 1991. A turmi na uku sau biyu ƙwallo na hannunta domin ta rufe wasan, har ya rage mata maki biyu ta ɗaga kofi, amma Graf ta farfaɗo ta ci 6-4, 3-6, 8-6. Raunin Sabatini dama bugun fara wasa ne. Ba shi da ƙarfin da ya dace da tsayinta, kuma idan wasa ya yi zafi yakan ƙi ta.

Na biyu ya fi muni. A French Open na 1993 tana gaban Mary Joe Fernandez da 6-1, 5-1, ta samu damar kammala wasan har sau biyar, duk suka kuɓuce, ta faɗi 10-8 a turmin ƙarshe. Wannan ya faɗo cikin wani dogon fari da ta shiga: daga Mayun 1992 har Nuwamban 1994 ba ta ɗaga kofi ko ɗaya ba. Ta karya farin ne a New York, inda ta fara da doke Navratilova a wasan da Navratilovar ta yi bankwana da shi, ta ƙare da doke Lindsay Davenport a wasan ƙarshe.

Gaskiya ne kunya ta taɓa sa ta faɗuwa da gangan?

Ita da bakinta ta faɗi haka shekaru bayan ta yi ritaya. Ta ce tana ƙarama akwai lokutan da takan bari a doke ta kafin wasan ƙarshe, don kada a sa ta tsaya gaban jama'a da 'yan jarida ta yi magana. Duk wanda ya san nauyin kunya zai gane ta. Yarinya ce da ta bar gida da ƙuruciya, tana yawo ƙasashen da ba ta jin harshensu sosai, kyamarori na bin ta ko'ina, ana maganar kyawunta kusan daidai da yadda ake maganar wasanta.

Mece ce alaƙarta da lamarin Monica Seles?

Ranar 30 ga Afrilu, 1993, a birnin Hamburg, wani mutum mai tsananin son Graf ya daɓa wa Seles wuƙa a baya tana zaune tana hutu a tsakiyar wasa. A lokacin Seles ce ta ɗaya a duniya. Bayan 'yan kwanaki manyan 'yan wasa suka taru a Rum domin kaɗa ƙuri'a: a ajiye wa Seles matsayinta har ta warke, ko a bar jadawali ya ci gaba? Matsayi a tenis kuɗi ne, domin shi ke yanke wa za ka fara haɗuwa da shi a gasa da irin kwangilar tallar da za ka samu. Duk suka zaɓi a ci gaba, ban da Sabatini, wadda ta ƙi sa hannu a wannan hukunci, alhali tana cikin waɗanda za su amfana da saukar Seles.

Seles ba ta manta ba. Ta sha faɗin cewa Sabatini ce kaɗai ta dube ta a matsayin mutum a ranar. A 2015 su biyun suka sake fitowa filin Madison Square Garden suka buga wasan sada zumunci. Ni dai wannan ƙin kaɗa ƙuri'a ina ajiye shi kusa da kofinta na 1990.

Me ya sa ta yi ritaya da wuri?

Kofinta na ƙarshe a Sydney ta ci shi, a farkon 1995. A 1996 ciwon tsokar ciki ya hana ta wasa na watanni, kuma a Oktoban shekarar ta sanar da ajiye raket a New York tana da shekara 26. Ta bayyana cewa sha'awar ce ta ƙare. Wadda ta fara gasar manya tun tana 14 ta riga ta yi shekara goma sha biyu tana wannan rayuwa.

Bayan nan ta mai da hankali kan kasuwancin turaren da ke ɗauke da sunanta, wanda wani kamfanin Jamus ya fara fitarwa tun 1989, da kuma tallafa wa yara da matasan 'yan wasa. A 2006 aka shigar da ita zauren gwarazan tenis na duniya da ke Newport a Amurka.

Akwai 'yan Ajantina mata da suka biyo bayanta?

Akwai, sai dai sun fi haskawa a wasan 'yan bibbiyu. Paola Suárez ta zama ta ɗaya a duniya a wannan fanni, ta ci manyan kofuna takwas tare da Virginia Ruano Pascual ta Sifaniya, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe na ɗaiɗai a Paris a 2004. Gisela Dulko ita ma ta hau matsayi na ɗaya a 'yan bibbiyu a 2010, ta ci gasar Ostireliya ta 2011 tare da Flavia Pennetta ta Italiya. A 2020 kuma Nadia Podoroska ta taso tun daga wasannin share fage har zuwa wasan kusa da na ƙarshe na French Open, matakin da Sabatini ta fara takawa shekara 35 kafin nan.