Ma'anar "sake gini" a wasan besbol, da abin da ya faru da Chicago White Sox a 2024

Duk wanda ke bibiyar labaran wasan besbol na Amurka zai riƙa cin karo da kalmar rebuild, wadda shugabannin ƙungiyoyi ke yawan fakewa da ita idan kakar wasa ta yi muni. A Hausance ma'anarta sake gini, wato ƙungiya ta yarda cewa 'yan wasan da take da su ba za su iya kai ta ga kofi ba, sai ta sallami manyan taurarinta zuwa wasu ƙungiyoyi, ta karɓi matasa a madadinsu, ta haƙura da shan kashi na wasu shekaru har matasan su ƙware.

Mai kallon ƙwallon ƙafa zai yi mamakin wannan dabara, domin ya saba ganin ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi ta faɗa ƙaramin rukuni. A babbar gasar besbol ta Amurka, mai ƙungiyoyi 30 da kowacce ke buga wasanni 162 a kaka, babu wannan hukunci. Hasali ma, kafin a sauya doka a 2022, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ce ke samun damar fara zaɓen haziƙan matasa daga makarantu, shi ya sa wasu suka riƙa zargin cewa akwai masu faɗuwa da gangan. Houston Astros ta yi rashin nasara a wasanni sama da 100 a kowace shekara daga 2011 zuwa 2013, sannan ta ɗauki kofi a 2017, Chicago Cubs kuma ta bi irin wannan hanya ta ci kofi a 2016.

Sai dai ba kowane rushe gida ne ke kai wa ga sabon gini ba, kuma labarin Chicago White Sox ya isa misali. Ƙungiyar ta fara nata sake ginin a ƙarshen 2016, lokacin da ta miƙa gwanin mai jifanta (ɗan wasan da ke jefa ƙwallo ga mai bugu na abokan hamayya) Chris Sale ga ƙungiyar Boston Red Sox ta karɓi Yoán Moncada da Michael Kopech, daga baya kuma ta samo Eloy Jiménez da Dylan Cease daga Cubs. Da farko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin a 2021 ta ci wasanni 93 ta zama zakarar rukuninta. Daga nan sai komai ya fara sukurkucewa: a 2022 ta ci 81 aka cinye ta 81, a 2023 kuma ta sha kashi sau 101, har mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya kori manyan jami'ansa biyu, Ken Williams da Rick Hahn.

A 2024 ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada. An tura Cease zuwa San Diego tun kafin a soma kaka, sannan Luis Robert Jr. da Moncada da Jiménez, waɗanda aka dogara da su wajen cin maki, duk suka ji rauni a makonnin farko, ga shi babu matasan da suka isa su cike gurbinsu. Cikin wasanni 25 na farko uku kacal White Sox ta ci. Tsakanin Yuli da Agusta ta sha kashi sau 21 a jere, bayan haka aka sallami koci Pedro Grifol aka ɗora Grady Sizemore na riƙo. Maki 507 ta ci a duk kakar, aka zura mata 813, wanda ke nuna cewa matsalar ba ta rashin sa'a ba ce, domin masu bugu da masu jifa duk sun gaza a lokaci guda. A filinta na gida magoya baya sun riƙa rera kira ga mai ƙungiyar da ya sayar da ita. Ranar 27 ga Satumba, a birnin Detroit, ta yi rashin nasara na 121, ta zarce tarihin shan kashi sau 120 a kaka ɗaya da New York Mets ta kafa tun 1962.

A ganina, kiran wannan kaka sake gini sassauci ne da bai dace ba, domin ginin da aka fara a 2016 ne ya rufta kafin a shirya wani. Ladan da aka saba samu ma bai zo ba, saboda dokar 2022 ta mayar da zaɓen farko ƙuri'a, ta kuma hana ƙungiyoyin manyan birane shiga ƙuri'ar shekara biyu a jere, don haka White Sox ta tsaya a zaɓe na goma a 2025. A Disamban 2024 ta sake miƙa mai jifanta mafi ƙwarewa, Garrett Crochet, ga Boston ta karɓi matasa huɗu, kakar da ta biyo baya kuma ta sha kashi sau 102.