Waiwaye: Ba yau guringuntsi ya fara ƙin ƙanƙara ba

Likitocin ƙashi har yanzu suna ja-in-ja kan guringuntsin da ake cirowa daga gwiwar mamaci don dasa wa mai rai: a ajiye shi ɗanye ne, ko a daskarar da shi? Idan ɗanye ne, a sanyin digiri 4, ƙwayoyin halittarsa kan riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, bayan kamar kwana 28 ba a son amfani da shi, kuma kusan rabin kwanakin kan tafi ne wajen gwajin cututtuka. Idan kuwa aka sa shi cikin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, zai yi shekaru, amma da an narkar da shi sai a tarar akasarin ƙwayoyin sun mutu. Wannan tsaka-mai-wuya tana da dogon tarihi.

Farkonsa sananne ne. A 1949, a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano gilisarin na kare maniyyin zakara daga illar daskarewa. A 1959 Lovelock da Bishop suka gano sinadarin DMSO ma na ba da irin wannan kariya. Daga nan ajiyar jini da maniyyi da ɓargo ta kankama.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1965. A shekarar ne Audrey Smith ta narkar da saƙar guringuntsi da wasu sinadarai, ta tsamo ƙwayoyin su kaɗai, ta daskarar da su da DMSO, suka kuma farfaɗo. Aikin ingantacce ne. Sai dai abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne an iya daskarar da guringuntsi, alhali ƙwayoyin da aka raba da gidansu ne suka tsira.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙwayar da ke yawo cikin ruwa, maganin kariya irin su DMSO na isa gare ta nan da nan, ruwan cikinta ya fita, ta tsuke, ƙanƙara ta tsaya a waje. A cikin guringuntsi kuwa babu jijiyar jini ko ɗaya. Kowace ƙwaya tana zaune a ɗan kogonta, saƙar kolajin, wato zaruruwan furotin, ta kewaye ta, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Dole maganin ya tsotsa daga sama, ya ratsa kaurin milimita 2 zuwa 4, ga ƙashi ya tare ƙasa. Kafin ya kai tsakiya an yi sa'o'i, ƙwayoyin sama sun sha shi har ya zame musu guba, na tsakiya ba su samu isasshe ba. Da ruwan ya fara daskarewa, gishirin da ya rage sai ya yi kauri ya ƙone ƙwayoyin, tsinin ƙanƙara kuma ya huda saƙar. Duk wanda ya ga yadda naman firiza ke tsiyayar da ruwa bayan ya narke ya ga irin ɓarnar.

A ganina, nan aka yi asarar lokaci. An daɗe ana gyara saurin sanyayawa, alhali ƙanƙarar ce kanta matsalar. A 1994 Ken Muldrew da abokansa a Kanada suka nuna ƙwayoyin sama kan tsira, na tsakiya su mutu. A 2006 David Pegg na Jami'ar York ya nuna ƙanƙara na tsirowa har cikin kogon da ƙwayar ke zaune, ko da a hankali aka sanyaya.

Shi ya sa aka karkata ga daskarewa ba ƙanƙara, inda ruwan kan sandare kamar gilashi. A 2012 Nadr Jomha da tawagarsa a Jami'ar Alberta suka ba da rahoton tsirar kusan kashi 75 na ƙwayoyin guringuntsin gwiwar mutum ta wannan hanya. Amma tana bukatar maganin kariya mai yawan gaske, gilashin na iya tsagewa, kuma idan ba a ɗumama shi da sauri ba ƙanƙara takan fito yayin narkewa. Saboda haka akasarin asibitoci har yanzu ɗanyen suke dasawa, mara lafiya kuma ya jira har a samu wanda ya yi daidai da girman gwiwarsa kafin kwanakin su cika.